Bronka ta Bakin Gada

Bronka ba kyau gare ta ba, ku fara riƙe wannan. Tare muka yi firamare a nan Cieszyn, garinmu na kan iyakar Poland da Czech, ni nake ba ta amsar lissafi. Amma shekara arba'in ke nan tana sayar da shayi da jarida a bakin gada, tagar shagonta ba ta taɓa rabuwa da maza ba.

Dabararta ɗaya ce tak. Ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Slovakiya, uwarta 'yar Poland, marigayi mijinta ɗan Czech ne na tsallaken kogi. Kowannensu ta ɗauke masa yadda yake cewa "haka ne". Namu na Poland ya zo yana zagin gwamnati, ta ce, "Tak, tak." Ɗan Czech ya kawo ƙarar gwiwarsa: "Jo, jo." Direban Slovakiya kuwa "Hej, hej" yake samu, har da lumshe ido. Shi ke nan fa ilimin! Mutum ya tafi yana jin yau an fahimce shi.

Da ban damu ba, sai mijina Alojz ya yi ritaya. Ya fita sayen jarida ƙarfe takwas, sai sha biyu. Ran nan na bi shi. Na same shi ya buɗe hannuwa yana ba ta labarin kifin da ya kama muna amarci, kifin da ni na soya, bai cika kasko ba.

"Tak, tak," in ji munafukar.

Na ce, "Ke Bronka, kin ga kifin?"

"Haba Otylia, ni ba kifi nake sayarwa ba. Gwada mana, ba ya ciwo."

Na gwada. Kwana uku duk abin da Alojz ya faɗa, "Tak, tak." Ya ce miya ta yi gishiri, tak. Ya fara kallona a tsorace. Rana ta huɗu ya ɗauki hularsa, ya tsaya a ƙofa.

"Tsohuwa, kin tuna kifin nan? Ya kai tsawon teburin nan."

"Tebur ɗin gidanku! Kyanwa ma raina shi ta yi!"

Ya fashe da dariya, ya rataye hular. "Yauwa. Na zaci asibiti za mu."

Yanzu ƙarfe goma yake dawowa. Awa biyun nan dai har yau nata ne, kuma ina kallon agogo.