Abdulhamid, Ni Zan Raka Mahaman

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 12 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran ɗana Abdulhamid a gidansa da ke unguwar Mount Hope a birnin New York, yana da shekara talatin da shida, bayan shekara uku yana fama da ciwon dajin hanji.

Abdulhamid, ba zan tsawaita a kan haƙurinka ba. Waɗanda suka zauna da kai sun gani. Zan rubuta inda na yi kuskure, kai kuma ka gyara.

Da aka yi maka tiyata, likitoci sun buɗe 'yar ƙofa a gefen cikinka, suka manna jakar da bahaya ke sauka a ciki. Ni na ce a bar maganar a cikin gida. Shekara ashirin na yi a ofishin jakadanci ina auna abin da za a faɗa da wanda za a rufe, sai na ɗauka sutura nake yi maka. Ka yi mini biyayya. Wata biyar ba ka taka masallacinmu na unguwar Morrisania ba, kana ganin ba ka da tsarkin shiga sahu.

Ama ce ta warware mana, nas 'yar Kumasi da ta ƙware a kula da masu wannan jaka, wadda wata ƙungiyar agaji ke turo mana kowace Alhamis. Ta koya maka yanka bakin jakar daidai don kada fata ta ɗaye, da abin da za ka ci kafin doguwar tafiya. Ranar da ta gane ka daina jam'i, ta dube ni ta ce, "Baba, fata na warkewa, amma shi bai warke ba. Kun tambayi liman, ko ku kuka yanke hukunci da kanku?" Ba mu tambaya ba. Da muka je, liman bai ɗauki minti biyar ba: mai lalura ne, ya yi alwala ya shiga sahu.

Daga ranar ba ka ƙara neman iznina a wannan batu ba, kuma ka yi daidai. Ka shiga ƙungiyar a matsayin ɗan sa-kai, kana bin shagunan mutanenmu kana gaya musu cewa ba kowane jini a bahaya ne basir ba. Kai ma shekara guda ka yi kana shan maganin basir da aka aiko daga gida. Mutum bakwai ka raka gwaji.

Cikinsu akwai Mahaman, ɗan Maraɗi mai sayar da huluna da turare. An gano ciwonsa da wuri, aka sa ranar tiyata irin taka, ya ce gara ya mutu da ya tsaya gaban Ubangijinsa da ƙazanta a jiki. Ka ja shi bayan shago, ka ɗaga riga, ka ce, "Kawu, Juma'a nawa muka yi kafaɗa da kafaɗa? Hancin mai turare ne da kai. Ka taɓa jin wani abu?" Ya yi dariya, ya yarda, da sharaɗin kai za ka raka shi.

Ranar sadakar ukunka Mahaman ya ce mini ya fasa. "Alhaji, shi da aka yi wa, yanzu yana ina?"

Na gaya masa naka a makare aka gano, nasa ba haka ba, kuma wannan jakar ce ta ba ka shekara biyu da rabi kana sallah cikin jama'a. Ama ta zauna da shi awa biyu. Bai ce ya amince ba, amma bai soke ranar ba. Talata mai zuwa ce. Ƙarfe shida na safe zan kasance a ƙofarsa, kuma ba zan bar wurin ba sai tare da shi. Na kuma ba ƙungiyar sunana. Shagunan da ba ka kai gare su ba, ni zan bi su.

Ya Allah, Ka gafarta wa Abdulhamid, Ka sa ciwonsa ya zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Turai, da matarsa Rufaida, da 'yarsa Yusra, da Ama, wadda ita ma ta yi rashi. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda wannan takarda ta isa gare shi, bayan ya yi wa ɗana addu'a, ina roƙonsa ya yi wa Mahaman: Allah Ya sa ranar Talata ya buɗe ƙofa.

Kadri Ɗanasabe
Bronx, New York