Hannun Auduga da Makullan Manaja

Ka taɓa ɗaukar ƙwai wani yana tsaye a bayanka yana kallon hannunka? Ni na ga abin da hakan ke yi wa mutum, a kan yayata kuwa na gani.

A gidan kajin da muke aiki teburinmu ɗaya, tana jera ƙwai a kiret, ina ƙirgawa ina ɗaurewa. Hannun Auduga ake kiranta. Huɗu take ɗauka a hannu guda, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, mai tsaga kuwa ko kallonsa ba ta yi, yatsa ke gaya mata. Da wannan tebur take riƙe da 'ya'ya uku tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta.

Sai aka kawo sabon manaja. Ba ya zagi, ba ya tsawa. Tsayawa kawai yake yi a bayan mutum yana karkaɗa makullai. Waƙa ma ya hana. "Nan wurin aiki ne, ba gidan rediyo ba."

Ni ba na ganin abu ban ƙirga ba. Da, da wuya ta fasa ƙwai biyu a wuni. Ya koma tara. Ya koma sha biyar. Da ta ji kacau-kacau sai kafaɗunta su ɗage, yatsun su sandare.

"Auduga, yau kuma wainar mutum nawa kika soya mana a ƙasa?" in ji direbanmu.

"Taka ce, zo ka lashe," ta ce, amma ba ta yi dariya ba.

Abin ya bi ta har gida. Barci ya ƙaurace mata. Wata safiya maƙwabci ya karkaɗa makullin babur a ƙofa, kofin shayi ya suɓuce mata. Mijinta ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Maman yara, nan ma manajan ya biyo ki?"

Manaja ya ce in fashin bai ragu ba zai ɗauke ta daga teburin.

Ana nan, motarsa ta lalace, ya wuni a gareji. Waƙa ta dawo. Na ƙirga: ɗaya tak! Na ce na samu hujja. Yayata ta riƙe mini gyale. "Ƙanwata, ki bar shi, ba a gaya wa babba irin wannan." Ban ji ba. Washegari na tare shi a bakin ofis.

"Yallaɓai, in kana nan sha biyar, in ba ka nan ɗaya. Ka gwada tsayawa daga ƙofa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe ta iya! Wato in ina nan da gangan take yi."

Yanzu tana bayan keji da shebur, tana kwasar kashin kaji, albashin ma an rage. Wadda aka sa a gurbinta jiya ashirin da biyu ta fasa, makullai na kaɗawa a bayanta. Na kai wa yayata ruwa ina ba ta haƙuri. Ta karɓa ta sha, ta nuna mini tulin kashin da shebur.

"Ko ba komai," ta ce, "wannan ba ya fashewa."

In kana da masu aiki a ƙarƙashinka, don Allah gobe ka zuba makullanka a aljihu, ka koma ƙofa, ka bar su su yi waƙarsu. Da yamma ka ƙirga abin da ya fashe. Ka gwada.