Rumfar da Kawu Ya Hura wa Kaka

Duk ranar da na taka famfo ina hura rumfata ta iska a bakin wata ruga, sai raina ya ɓaci, kuma ba laifin rumfar ba ne. Aikina rigakafin shanu. Ina yawo da ƙaramin ɗakin nan da mota ke ja, wanda muke ce wa karaban, daga Yolde Kohi har ƙauyukan bakin Binuwai. Ranar da na je zaɓen rumfar da zan riƙa maƙala masa, mai shagon ya gaji da ni. Na auna tsawon gefen karaban ɗin, na ƙi mai baƙin launi saboda zafi, na ce sai wadda ke da ɗan murfin da ke rage iska da kansa idan ta yi yawa. Ya ce, "Madam, kamar kin taɓa yin wannan sana'a." Ban gaya masa cewa a ƙarƙashin irinta kakata ta yi zamanta na ƙarshe a Jimeta ba.

Shekarar da masu bindiga suka ci garuruwan arewacin jiharmu, Kaka ta iso a bayan motar itace, da zane ɗaya da tukunya ɗaya. Mu a unguwar Dubeli ɗaki guda muke haya, ni da mahaifiyata da ƙannena, ga 'yan gudun hijira har a bakin ƙofa. Amma yayan mahaifiyata, Kawu Bitrus, yana da gida a unguwar Karewa, katanga doguwa, har da ɗakin baƙi mai fanka biyu. Kowa ya ɗauka nan za ta sauka.

Ba ta sauka a nan ba. Kawu ya samu kwangilar kai kaya sansanonin 'yan gudun hijira, kuma manyan da ke ba shi aikin sukan zo daga Abuja su kwana. Ya ce ɗakin nasu ne. A bayan gidan akwai wani tsohon karaban da ya saya hannun masu aikin titi, sai ya sa aka share shi aka sa mata katifa. Wanda ya san zafin Yola ya san abin da akwatin ƙarfe ke zama da rana. Kaka ta shiga ta fito, ta ce ko gurasa aka ajiye a ciki za ta gasu.

Sai Kawu ya dawo daga kasuwa da wata jaka mai nauyi, yana murmushi kamar wanda ya ciyo kyauta. Rumfar iska ce, ta gwanjo. Ya zura bakinta a kwararon da ke gefen karaban, ya buga turaku a ƙasa, ya haɗa famfo. Muna kallo abin ya miƙe da kansa, babu sanda ko ɗaya, sai wasu tiyo masu kauri cike da iska. Mu yara muka yi ta tsalle. Kaka ta zagaya ta, ta latsa da yatsa.

"Bitrus, ina dirkarta?"

"Mama, ba ta buƙatar dirka. Iska ce ke riƙe ta. A Turai manya ke amfani da ita."

"To," in ji ta.

Ni aka turo daga Dubeli in riƙa kwana da ita. Doka ɗaya Kawu ya kafa, kada wuta ta kusanci rumfar, don leda ce, za ta narke. Kaka kuwa ba ta san yamma babu wuta ba. Sai ta kafa duwatsu uku can jikin katanga, kusa da inda ake zubar da shara. Da rana ta faɗi, 'ya'yan Kawu su sulale daga gaban talabijin, yaran makwabta su biyo, mu zauna muna gasa gyaɗa. Hausarta ta kasuwa ce, takan ce wa mace "shi", mu yi ta dariya, ta ɗaga mana muciya. In ta gyara zama sai ta ce, "Ga wata nan ta taho." Mu ce, "A ba ta hanya."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta kwaɗo da uwarsa. Wai wata shekara tafki ya ƙafe, dabbobi suka kwaso tsofaffinsu suka hau tudu. Kowa ya shiga daji ya saro dirka, ya saƙa zana, ya yi wa tsohuwarsa inuwa. Kwaɗo ya ce shi ba zai sha wannan wahalar ba, yana da dabarar da ta fi. Ya zaunar da uwarsa, ya tsaya a kanta, ya hura maƙoshinsa har ya yi faɗin faifai. Inuwa ta sauka a kanta. Masu wucewa suka tsaya suna tafi, suna cewa ba a taɓa ganin ɗa irin wannan ba.

A nan Kaka takan kumbura kumatunta ta zare ido, mu faɗi ƙasa don dariya. Sai ta ci gaba. Muddin yana riƙe da iskar, kwaɗo ba ya iya yi wa uwarsa magana, ba ya iya tambayarta ko ta ci abinci. Duk lokacin da aka yabe shi kuma sai ya buɗe baki ya yi godiya, iskar ta fice, rana ta doke ta. Haka aka yi ta yi har fatarta ta tsattsage. Shi ya sa har yau bayan kwaɗo yake da ƙuraje.

Wani dare na ce, "Kaka, me ya sa ba ta koma inuwar makwabta ba?"

Ta tura itace cikin wuta. Ta ce, "Ya tashi, a ce ɗansa ya kasa?"

Ban gane ba. Na ɗauka tatsuniyar kurin banza ce, kamar yadda malamin Sande Sukul na cocinmu zai fassara ta.

Kawu yana son rumfar nan fiye da kima. Kowace safiya, da sanyin asuba, sai ya zo ya ƙara mata iska har tiyon ya yi tauri kamar ganga, don kada baƙinsa su leƙo ta taga su ga ta langaɓe. Yakan kawo su ma su gani, yana cewa, "Ga inda na sauke Mama, ita da ba ta son zaman cikin gini." Su gyaɗa kai su ɗauki hoto. Abin da bai sani ba, ko bai damu ya sani ba, shi ne an yi rumfar don ƙasar sanyi. Iskar da ka cusa da safe, idan ranar Yola ta hau kanta, kumbura take yi.

Wata rana a tsakiyar bazara, Kaka tana kwance a ƙarƙashinta tana ɗan gyangyaɗi, babban tiyon ya fashe. Ƙarar ta yi daidai da ta bindiga. Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi gudu irin wannan ba. Ta yakice ledar da ta rufto mata, ta fizgi hannuna, ta nufi ƙofar gida babu takalmi babu ɗankwali, tana kiran sunayen mutanen da ta bari a kwance a ƙauye. Unguwa ta ruɗe, mata suka kwashi yara, masu shago suka ja ƙofa. Sai a bakin titi aka kama ta, ƙafarta tana jini.

Kawu ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Dariya! Ya ce gobe zai kira mai faci. Ɗakin baƙi a ranar babu kowa a ciki, na gani da idona, gado a gyare, fankoki a kashe.

Mahaifiyata ta zo da kuka, ta ce Kaka ta tattara ta koma Dubeli, ko a kan juna za mu kwanta. Kaka ta ƙi. Matan zumunta na coci suka zo gaishe ta, ta ce musu ɗanta yana ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Ta ci gaba da zama ƙarƙashin rumfa mai faci, sai dai ba ta ƙara runtsawa da rana ba. Da aka fara cewa hanyar ƙauyensu ta ɗan buɗe, tun kafin masu ƙarfi su yarda su koma, ta ɗaure tukunyarta. Ta gaya wa kowa gonarta take kewa, damina ta kusa.

Daren ƙarshe muka roƙe ta tatsuniyar kwaɗo, ta ce ta gaji da ita. Ta gasa mana gyaɗa kawai.

An ce da ta isa, tsofaffin da suka rage suka taya ta saro dirka huɗu, suka kafa mata rumfa a tsakiyar gidanta da ya ƙone. Zazzaɓi ya kama ta kafin a yi girbi. Asibitin garin a lokacin kango ne, ba likita ba magani. Labari kawai ya iso mana.

Sai da na girma na fara kwana a daji da tawa rumfar na gane abin da ke cikin tatsuniyar. Rumfar iska abu ce mai kyau ga matafiyi. Ka kafa turaku tukuna, ka juya bayanta ga iskar hadari, ka hura ta da sassauci, da rana ta take ka rage, gobe ka naɗe ka wuce. Ba a yi ta don a ajiye uwa a ciki ba. Kuma ba kwaɗon ne Kaka take nuna mana ba, uwar take nunawa. Ta san inuwar iska ce. Dubeli na nan kusa, kuɗin keke-napep ɗaya, amma komawa can zai gaya wa duk Jimeta cewa Bitrus ya kasa riƙe uwarsa. Sai ta zaɓi hanyar da ake harbi.

Watan jiya Kawu ya zo gidana, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tarar na hura rumfar a tsakar gida tana bushewa bayan ruwa. Ya shiga ƙarƙashinta ya zauna, ya latsa tiyon da yatsa.

"Rahila, ai ni na fara kawo irin wannan garin nan. Kakarki ta more ta, Allah ya jiƙanta."

Kaka ta rufa masa asiri har ƙasa ta rufe ta. Ni ba Kaka ba ce. Na sa hannu na zare murfin iskar, na tsaya ina kallo rumfar tana sauka a hankali har ta danne masa hula.

"Ke! Me ya faru?" ya ce daga ciki, yana lalube.

Na ce, "Zauna tukuna, Kawu. Akwai wata tatsuniya da ba ka taɓa zuwa ka ji ba."