Littattafan Baba a Cikin Randa

Baba ya rasu ya bar littattafai bakwai, duka da hannunsa ya kwafe su, ganye-ganye babu ɗinki, kowane a cikin gafakarsa ta fata. A ƙauyenmu, yamma da Tanut, a rataye suke a itacen rufin ɗaki. Idan damina ta wuce yakan sauke su, ya baza a inuwa, ya mayar. Mu mun ɗauka halin tsufa ne kawai.

Cikin ƴaƴansa ni ne mai Larabcin karanta su, amma ban zauna ba. Bayan samun mulkin kai na bi motocin Agadas ina tafinta tsakanin direbobi da Buzaye, daga nan na yi gabas. Na bar littattafan a hannun yayana.

Shi gara yake tsoro. Mutumin ƙasarmu ta Damargu gara ya sani, da gobara. Ruwa kuwa roƙonsa muke yi, ba wanda ya taɓa sa shi cikin abokan gaba. Sai ya ɗauki tsohuwar randar Inna, ya juye ruwan, ya jera gafakun a ciki, ya kife kasko, ya shafe bakin da ɗanyen yumɓu. Ana tsakiyar damina. Ya mayar da ita mazauninta, kan jiƙaƙƙen yashi, kusa da sabuwar randa.

Damina huɗu na yi ban dawo ba. A Omdurman na ga wani malami yana ɗora nasa littattafan a kan katako, nesa da bango, yana buɗe su duk Juma'a su sha iska. Na ce a raina, ashe Baba ba shi kaɗai ba ne. Ban ko aika wasiƙa gida ba.

Da na dawo, ranar da muka fasa yumɓun, wari ne ya fara fitowa. Fatar ta yi fumfuna. Ganyayen sun manne sun zama curi, kamar daddawa. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, don a wanke ta daga allo aka yi ta, kuma ta wanku.

Na ce, "Yaya, ka shanya randar nan kuwa?"

"Kwana biyu cur. Kai mai bakin Nasara da na Larabawa, ina kake lokacin? Duba da kyau, ka ga gara ko ɗaya?"

Babu ko ɗaya. Da gaskiyarsa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta shigo ta ce, "Ku rufe mini baki, ku biyun. Rubutun Malam ne, ba a zubar da shi."

Ta ɓalli curi ɗaya ta jiƙa a ƙwarya, ta tace, ta bi mutanen gidan, kowa ya kurɓa. Da ta zo kaina na kau da fuska.

"Karɓi, ɗan nan. Ba kai ne mai son karatun ba?"

Na sha. Ɗanɗanon ƙasa da ruɓaɓɓiyar fata. Har yau ban san ko wane littafi ne ba.