Marubuta Uku, Sunan Gari Ɗaya

Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Roni lokacin da na shiga karatun digiri na biyu. Bincikena a kan cinikin hatsi ne tsakanin kasuwannin Babura da maƙwabtanmu na Nijar. Tattara bayani bai ba ni wahala ba, don na san hanya kuma na san mutane. Abin da ya hana ni sakat shi ne madogara: duk maganar da na ɗauko daga wani marubuci sai na sa sunansa da shekarar rubutun a cikin baka, sannan a ƙarshen kundi na jero manazarta, kowanne da waƙafinsa da ayarsa a inda doka ta ce.

Mai duba aikina wata Dakta ce, mace mai ƙarancin magana. Idan ta karanta jimla ba ta ga madogara ba, kalma uku take rubutawa a gefe da jan biro: "In ji wa?" Babi na biyu ya dawo mini jajir.

Wata abokiyar karatuna 'yar Kazaure ce ta sa mini manhajar tsara manazarta a kwamfutata. Ta nuna mini yadda zan shigar da kowane littafi ko muƙala sau ɗaya, daga nan manhajar ta riƙa sa sunan a cikin rubutu, ta kuma jera manazartan da kanta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Da na kusa gamawa, manhajar ta nuna mini cewa akwai abubuwan da suka maimaitu, ta tambaya ko a haɗe su. Na danna na amince. Aka buga kundin, aka ɗinke, sashenmu ya aika wa baƙon malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ni.

Wata ranar Laraba, lokacin hutun tara, ina zaune a ofishin malamai ina jujjuya nawa kwafin, sai idona ya sauka a kan manazarta. A wajenmu mutum yakan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansa na ƙarshe. Marubuta uku na yi amfani da aikinsu masu ɗauke da sunan Babura, kuma harafin farkon sunayensu iri ɗaya ne. A shafin nan mutum ɗaya na gani. Manhajar ta ɗauka mutum guda ne, ta narkar da biyu a cikin na ukun.

Nan take na koma babi na biyu. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa fitar da hatsi zuwa Nijar shi ke jawo tsada. Wani kuma ya yi masa raddi mai zafi, ya ce masu ɓoye hatsi a rumbuna su ne sila. Yanzu a kundina maganganun biyu duk an jingina wa mai raddin. Na sa shi ya faɗi abin da ya daɗe yana ƙaryatawa. Kuma tun makon da ya gabata Dakta ta gaya mini sunan baƙon malamin. Shi ne.

Aka kaɗa ƙararrawa, na shiga aji, ban san abin da na koyar ba. Ina fitowa na kira Dakta.

"Ranki ya daɗe, akwai matsala a kundina."

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Kundi ya riga ya isa hannunsa, ba a janyowa. Ki gyara, ki buga shafukan da abin ya shafa, ki zo da su ranar kare kundin. Kuma kada ki jira ya tambaye ki. Ke za ki fara faɗa."

"Idan ya ɗauka da gangan na yi fa?"

"To sai ya ɗauka. Ke dai ki zo da hujjarki a hannu."

Muƙalar ɗaya daga cikin biyun da suka ɓace tana cikin mujalla, na same ta a intanet a yammacin ranar. Ɗayar, wadda ke ɗora laifi a kan fitar da hatsi, takarda ce da aka gabatar a wani taron ƙara wa juna sani, ba a taɓa buga ta ba. Sunanta da shekararta da lambobin shafinta duk sun tafi tare da haɗewar. A wurin ƙanin mahaifina na karanta ta, tsohon jami'in ilimi da ya yi ritaya a Gwiwa, kuma tun a lokacin na mayar masa.

Ranar Asabar na hau acaɓa. Damina ce, an sha ruwa, inda hanya ta yi taɓo sai na sauka na taka. Duk tafiyar tunani ɗaya nake yi: idan takardar ta ɓata, da me zan nuna cewa akwai ta? Sai a ce na ƙirƙiri marubuci. Wanda aka kama da wannan, ba kundi kaɗai yake rasawa ba.

Na tarar Baffa ya tafi gona duba gero. Na zauna a tsakar gida, matarsa ta kawo mini fura, na kasa sha. Sai bayan azahar ya shigo. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Wace takarda kuma? Ai ɗakin nan ya yi yoyo bara, an zubar da wasu."

Muka shiga ɗakin, muka riƙa sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin takardun jarrabawa, jaridu, littattafan da gara ta ci gefensu. Baffa yana ɗaga kowace takarda sai ya tsaya ba ni labarinta, ni kuwa ina ta tonon kwalaye. A kwalin da ke can ƙasa muka same ta. Ruwa ya taɓa shafin farko, tawada ta ɗan bazu, amma suna da shekara suna karantuwa.

"Ki tafi da ita," in ji shi. "Amma ki dawo mini da ita."

Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba. Maigidana ya riƙa cewa ai kuskure ne, kowa na yi. Ni kuwa ko tuwo nake tuƙawa, jimlar da zan fara da ita nake maimaitawa, kullum tana canzawa.

Ranar karewa na ga baƙon malamin a karo na farko: dattijo siriri, da kundina a gabansa, an lanƙwasa kusurwar wasu shafuka. Da aka ba ni dama na miƙe.

"Ranka ya daɗe, kafin na fara, akwai kuskure a babi na biyu. An jingina maka maganar da ba taka ba ce."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Na gani. Ina jira ne na ji ko ke ma kin gani."

Na bayyana yadda abin ya faru, na miƙa masa shafukan da na gyara da takardar Baffa. Ya daɗe yana duba shafin da ruwa ya taɓa. Ya ce yana wurin ranar da aka gabatar da ita, kuma ya daɗe yana neman kwafinta. Bai yi murmushi ba. Ya juya wajen Dakta ya ce tunda hakan ta faru a wuri ɗaya, ba shi da tabbas a kan sauran. Ya ce sai na bi kowace madogara da ido, na gwada ta da asalin rubutun, a sake aika masa kafin ya sa hannu. Daga nan ya shiga tambayoyi a kan kasuwanni, inda na fi ƙarfi, na riƙa amsa masa a natse.

An ce na ci, da sharaɗin gyara. Na koma Roni na kwashe hutun zangon nan gaba ɗaya ina bin manazarta ɗaya bayan ɗaya, littafi a cinya, kwamfuta a kan tabarma. Na ƙara samun wurare biyu da shekara ta sauya. Ban goge manhajar ba, da ita na yi gyaran, sai dai na sake shigar da cikakken sunan kowa da hannuna. Sa hannunsa ya iso lokacin da ake cire gyaɗa. Dakta ce ta kira ni, ta ce na zo na karɓi takardar da ya sa wa hannu ranar Litinin kafin a tashi daga aiki.