Jinin Kaza a Lambatu

A shekarun nan na yajin aiki da gari ke mutuwa, ba kasuwa ba mota, kajina ne suka riƙe mana gida. A unguwar New Bell muke zaune, cikin wani lungu, gidan katako mai rufin kwano. Tsakar gidan siminti ce 'yar mitsitsiya, a kusurwarta na kafa akurki. Da farko kajin suna da yawa, amma yau a yanka wannan, gobe a musanya waccan da garin rogo, har suka koma biyu: wata tsohuwa ja, da wata baƙa da ke kwance kan ƙwai.

Surukata, wadda muke kira Inna, zazzaɓi ya kwantar da ita har ta daina cin komai. Ran nan da safe ta ce ko romo za ta iya sha. Na shiga akurki na kamo jar. Na taɓa ƙirjinta na ji da sauran tsoka, na sa yatsu ƙarƙashin jelarta na ji ƙasusuwan sun matse, alamar ta gama ƙwai ke nan. Baƙar ko kallonta ban yi ba, don 'yan tsakinta nake jira.

Sai maganar mai yanka. Mu mata ba ma yanka, haka muka taso. A da wani dattijo mai goro a bakin titi nake kai wa, amma tun da aka fara harbe-harbe ya kwashe teburinsa ya koma wajen 'yarsa a unguwar Bonabéri. Saura maigidana. Mutum ne na ofis, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma ko albasa bai iya yankawa ba. Ya fito da farar rigarsa ta aiki, don ko ba aiki sai ya sa ta, kamar za a aiko masa da mota.

Na ce, "Malam, ka cire rigar nan."

Ya ce, "Kaza ce fa, ba sa ba."

A gidajen iyayenmu rami ake tonawa, jinin ya zuba a ciki a rufe. Mu ba mu da ƙasa, ga shi an kwana ana ruwa. Sai ya tsuguna a bakin rariya, hudar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita lambatun lungu. Na nuna masa yadda zai taka fukafukai da ƙafa ɗaya, ya taka ƙafafu da ɗayar. Ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Yanka ya yi kyau, amma da ya ji ta motsa sai ya ɗaga ƙafa. Kazar ta yi tsalle ta doke shi a ƙirji, ta yi ta birgima tana fesa jini a bango da ƙofa. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na kwara bokitin ruwa, komai ya bi rariya ya fita, ban ko yi tunanin inda zai je ba.

Na tsoma ta a ruwan zafi na fige. Ina cikin babbake ta kan gawayi sai na ji lungu ya yi tsit. Lungunmu ba ya shiru, kullum da rediyo ko turmi ko kukan yaro. Sai na ji takun takalma. Da sassafe an yi harbi a babban titi, an ce wani ya tsere cikin unguwa da rauni. Takun ya zo daidai ƙofarmu ya tsaya.

Maigidana ne ya buɗe, da rigar nan a jikinsa, wuƙa kuma tana ajiye kan dakali. Masu kaki ne da bindigogi. Babbansu gajere ne, idanunsa jajur kamar wanda bai yi barci ba. Ya dubi rigar, ya dubi bangon.

Ya ce, "Où est le blessé?" Wato ina mai raunin.

Maigidana ya ɗauko bayani da Faransancinsa na littafi, mai tsawo, mai ladabi. Bai kai rabi ba wani ya caɓe wuyan rigarsa ya zaunar da shi a ƙasa, ya ce ya cire takalmi. A lokacin kowa ya san ma'anar wannan. Wanda aka cire wa takalmi mota zai shiga, kuma waɗanda suka shiga motar nan ba duka suka dawo ba.

Suka shiga ɗaki suka yaye zanen da Inna ta lulluɓa da shi, suka leƙa ƙarƙashin gado, ba kowa. Babban ya ce lalle an tsallakar da mai raunin ta katanga, maigida zai yi bayani a ofishinsu. Na ɗauko kazar da hannu biyu na miƙa masa.

Na ce, "Shef, kaza ce. Wallahi kaza muka yanka."

Figaggiyar kaza ba ta da kwarjini, sai ta koma kamar tattabara. Ya kama hannuna ya ja ni ƙofa ya nuna mini lambatu. Ruwan sama ya cika shi bai gudu ba, ga shi ja tun daga rariyarmu har gaban gidajen maƙwabta. Ni da kaina sai da na yi shakka.

Da Hausar kasuwa ya ce, "Madam, kaza ɗaya ba shi da jini haka."

Ban san lokacin da na isa akurki ba. Baƙar ta tsattsage ni a hannu, na fizgo ta daga kan ƙwan, cikinta da ɗumi. Na kwara ruwa a bakin rariya har wurin ya yi fes, na ce, "Shef, ka tsaya ka gani." Na ɗora wa maigidana kazar, na sa masa wuƙa a hannu. Bindigogi suka juyo kansa gaba ɗaya.

Leɓensa yana motsi ba sauti. Ya yanka. Amma wannan karon ya danne ta da duk ƙarfinsa, jinin ya taru wuri ɗaya, ɗan kaɗan, bai cika tafin hannu ba. Na ga babban ya taɓe baki.

Na ce, "Malam, ɗaga ƙafarka."

Bai ji ni ba. Idonsa a buɗe amma ba ya tare da mu. Na sa gwiwa na ture shi ya faɗi gefe. Kazar ta zabura, ta doki bango, ta doki ƙofa, ta zo ta faɗi kan takalmin babban tana shure-shure, ta ɓata masa ƙafar wando. A raina na ce shi ke nan, na kashe mijina da hannuna. Da sauran ƙarfin da nake da shi na ɗaga bokiti na kwara. Ruwan ya bi rariya jajur, ya fita ya bazu a lambatu.

Wani ƙarami a cikinsu ya tuntsire da dariya. Babban ya daɗe yana kallon lambatun. Sannan ya goge takalminsa da gefen rigar maigidana, ya ɗauki baƙar ta ƙafafu ya miƙa wa na bayansa, suka fita. Ba su rufe ƙofa ba, ni ma sai da takunsu ya ɓace na iya zuwa na rufe.

Aiki dai yana nan yana jirana. Na farke cikin jar, saura kaɗan in fasa matsarmama in ɓata naman. Na tsaga ƙundu na wanke, na daka citta da tafarnuwa da masoro, na jefa kanunfari da albasa da attaruhu ɗaya tal saboda mara lafiya. Tsohuwar kaza ba ta nuna da wuri, har la'asar tana kan wuta. Duk tsawon lokacin nan kunnena yana ƙofa, ko murfin tukunya ya motsa sai in waiga.

Inna ta sha romon har ta nemi ƙari. Na zuba wa maigidana cinya na kai masa. Yana zaune bakin ɗaki da singileti, takalmansa suna nan inda aka cire su. Ya karɓi kwanon ya riƙe, bai taɓa naman ba.

Can ya ce, a hankali don kada Inna ta ji, "Da ba ki da ta biyu fa?"

Na dubi akurkin, ba komai a ciki sai ƙwai. Na ce ya ci abincinsa kafin ya huce.