Baturen Majigi da Babana

Babana ɗan kama ne. Duk ranar kasuwar Bafarawa yakan hau jaki ta baya, ya faɗo cikin taɓo, ya tashi yana neman hularsa alhali tana kansa. Mutane su yi ta dariya, su zuba masa gero a buhu. Geron nan muke ci.

Ina aji huɗu muka bi ta kasuwar da 'yan ajinmu. Ya hango ni, fuska duk laka, ya ɗaga hannu ya ce, "Hadiza!" Wata ta tambaye ni ko na san mahaukacin nan. Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya ji. Sai ya juya ya sake faɗuwa, aka kwashe da dariya.

Bayan magariba muka kewaye murhun Inna Tumba, mahaifiyarsa, muna jiran tatsuniya. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Yau ba Gizo. Abin da idona ya gani za ni ba ku."

Ta ce tana budurwa aka kawo majigi garin Isa, aka nuna wani gajeren Baturen Ingila mai matsattsiyar riga. Ya hau tsani da bokitin fenti, ya rikito, bokitin ya kife masa a ka. Mai fassara ya gaya musu uban Baturen ne ya kore shi tun yana ƙarami, ya koyi faɗuwa don manyan yara su yi dariya su fasa dukansa. Da faɗuwar ya ci abinci shekara da shekaru. Daga baya, in ji wani direba da ya ba ta ƙarashen labarin, aka ba shi wasan tsoho mai jinya. Bai faɗi ko sau ɗaya ba, masu kallo suka yi ta kuka.

"Sannan suka ce ashe mutum ne," in ji Inna. Ta dube ni. "Ke 'yar nan, mi kika gani kasuwa yau?"

Na ce ba komai.

Baba yana bayan zana yana shafa man kaɗe a gwiwarsa. Taku biyar ne tsakaninmu. Na tashi na shige ɗaki. Da safe ya miƙo mini ƙosai kamar kullum, na karɓa ban ɗaga ido ba.

Ya rasu shekarar da muka baro ƙauye muka dawo Sabon Birni saboda 'yan bindiga, ban taɓa tayar masa da maganar ba.

Na daɗe ina zaton Inna tana nufin wata rana duniya za ta girmama Baba kamar Baturen. Sai da na haifi nawa na gane ta san ba mai kawo masa irin wannan wasan. In akwai inda za a gan shi tsaye, a gida ne. A gidan ma ni na kau da kai.